Zaren da Zai Ruɓe

Jarka huɗu Lawali ya sauke daga kura.
Ya dubi akwatin gilashin, ya dube ni.
"Na sha ne ko na wanka?"
Na ce na shuka ne.
Ya karɓi kuɗinsa bai ƙirga ba,
yana girgiza kai har bakin zaure.

A Damagaram, inda famfo ba ya tari sai ukun dare,
inda bokitai ke kwana a layi kamar masu jiran likita,
ni na zuba ruwa a gilashi don in kalla.
Na sani. Ba sai an faɗa mini ba.

Cima ce ta aiko su daga Yamai
cikin leda mai gumi, wuni guda a mota:
dunƙulen gansakuka kamar gashin da ya maƙale a mataji,
da wani ganye mai tsini, wai sunansa fujer.
A bayan takardar magani ta rubuta:
"Baba, kada ka binne masa gindi.
In ka binne, ruɓewa yake.
Ɗaure shi a dutse, ka ƙyale shi."

Dutse kuwa ba a sayen sa a garin nan.
Na tsinto ɗaya a bayan Birni,
mai kaushi, da zafin azahar a jikinsa,
na wanke shi sau uku, har ya huce.

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinki a kasuwar Dole.
Na haɗa wuyan riga da kafaɗa ido rufe,
na yi wa angwaye aska tara, na yi wa gawa likkafani.
Yau hannun dama rawa yake tun ciwon bara,
zare ya ƙi shiga allura, keke ya yi shiru a lungu.
Amma wannan aikin ba ya son allura.
Na warware baƙin zaren auduga,
na shimfiɗa gansakuka siriri, kamar man shanu a ranar babu,
na naɗa, na naɗa,
ba da ƙarfi ba, kada in shaƙe,
ba sako-sako ba, kada ruwa ya ƙwace.
Ƙulli biyu. Na yanke da haƙori.

Sati na farko ganye ya yi baƙi a baki-baki.
Na biyu, wuta ta ɗauke tun hantsi,
injin kumfa ya mutu,
na zauna da ludayi ina ɗiba ina mayarwa
don ƴan kifin nan biyar su samu numfashi,
zufa na ɗiga daga haɓata.
Ruwan da na rage ran Juma'a bai tafi banza ba,
zogalen tsakar gida ya sha, har ya yi ƙiba.

Malam Kiyari ya zo don ya yi dariya.
Ya ja kujera, ya buɗe baki,
sai wani ɗan kifi ya ratsa ta ƙarƙashin ganye.
Bai ce komai ba har aka kira la'asar.
Da zai fita ya ce, "Gobe kana nan?"

Yau da asuba, wata biyu ba kwana uku,
na haska fitila na ga abu biyu.
Sabon ganye, ƙanƙani, naɗe kamar jelar hawainiya.
Sai kuma zarena,
ya saki, yana yawo a saman ruwa.
Na sa yatsa na taɓa dutsen, na ɗan ja ganyen.
Bai zo ba.
Saiwa ta kama, ba ta ƙara neman ƙullina.

Na tsamo zaren, na shanya shi a kan keke.
Cima ta ce sai bayan jarrabawa za ta zo,
wataƙila kuma aiki ya riƙe ta can.
Na ce to.
Na ce ganyen ya kama.